Tarihi a Bakin Kyaututtuka: Sharhi a kan Gidan Tarihin Bismak na Friedrichsruh

Gabatarwa

Ɗalibin harshe ya saba a ba shi waƙa ko ƙagaggen labari a ce ya yi sharhi: wa ke magana, da wa yake yi, me ya faɗa, me ya haɗiye. Ba kasafai ake ba shi gidan tarihi a ce ya yi masa irin wannan karatu ba, alhali kuwa gidan tarihi shi ma matani ne. Kayan da aka jera su ne kalmominsa, kuma akwai mai magana a bayansu ko da bai sa hannu ba. Wannan takarda za ta gwada irin wannan karatu a kan gidan tarihin da aka keɓe wa Otto von Bismarck, wanda za a riƙa rubutawa Bismak daga nan, a ƙauyen Friedrichsruh na arewacin Jamus. Abin da take son nunawa shi ne, mafi yawan kayan wannan gida kyaututtuka ne, ita kuwa kyauta yabo kaɗai ta iya, don haka tarihin da za ta bayar yana da iyakar da ya kamata mai kallo ya san da ita.

An haifi Bismak ranar 1 ga Afrilu 1815 a Schönhausen, a gidan masu sarauta da manyan gonaki na ƙasar Furusiya. Sarki Wilhelm na 1 ya naɗa shi shugaban gwamnati a Satumban 1862. Cikin shekara 8 ya kai ƙasar yaƙi sau uku, da Danmak a 1864, da Ostiriya a 1866, da Faransa a 1870. A 1871 masarautun Jamusawa suka haɗu a daula guda, shi kuma ya zama wazirinta har zuwa 1890. A hannunsa aka kafa wa ma'aikata inshorar rashin lafiya a 1883, ta haɗari a wurin aiki a 1884, da ta tsufa a 1889. A hannunsa kuma aka haramta ƙungiyoyin ƴan gurguzu daga 1878 zuwa 1890, aka ƙuntata wa cocin Katolika, aka kori mutanen Folan kimanin 30,000 daga Furusiya tun daga 1885.

Wurin da abin da aka tara a ciki

Friedrichsruh yana cikin dajin Sachsenwald, gabas da birnin Hamburg, a bakin layin dogon da ya haɗa Hamburg da Barlin tun 1846. Dajin kansa kyauta ne, Wilhelm ya ba Bismak shi a 1871 ladan haɗa daula. Nan ya koma da zama bayan sabon sarki, Wilhelm na 2, ya raba shi da mulki a watan Maris 1890. Nan ya rasu ranar 30 ga Yuli 1898, nan kuma hubbarensa yake, a kan tudu, tsallaken layin dogo. Gidan da ya zauna a ciki babu shi, domin jiragen yaƙin Ingila sun jefa masa bama-bamai a ƙarshen Afrilun 1945. Kayan da suka tsira aka tattara a wani tsohon gini na ƙauyen daga 1951.

A nan ya kamata a rarrabe abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai gidan tarihin da iyalin Bismak suka kafa, akwai kuma Gidauniyar Bismak, wadda majalisar dokokin Jamus ta kafa da doka a 1997 bayan gardama, aka ba ta mazauni a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta ƙauyen, ta shirya nata nuni a kan Bismak da zamaninsa. Daga baya kula da gidan tarihin iyalin ya koma hannun gidauniyar. Wannan sharhi ya fi karkata ga tarin kayan iyalin, saboda shi ne ya fi tsufa, kuma su ne kayan da hotunansu suka fi yawo a duniya.

Me aka tara? Zane-zanen fuskarsa na Franz von Lenbach, lambobin girma, takardun da garuruwa suka ba shi na zama ɗan gari, tufafin soja, kayan ɗakin aikinsa. Asalin yawancinsu bukukuwan ranar haihuwarsa ne. Da ya cika shekara 70 a 1885, an bi ƙasa ana karɓar gudummawa har aka saye masa gonar gadon gidansu ta Schönhausen wadda ta fita daga hannunsu tun yana yaro. Kyaututtuka suka yi yawa har aka buɗe musu gidan tarihi a Schönhausen a 1891, mai su yana raye. Da ya cika 80 a 1895, Friedrichsruh ya zama wurin ziyara: ɗaruruwan garuruwa suka ba shi takardar ɗan gari, wasiƙu da katunan gaisuwa suka kai dubban ɗaruruwa. A 1896 har babban jami'in daular Sin, Li Hongzhang, ya zo gaishe shi.

Wanda ya san fada ya san irin wannan magana. Maroƙi ba lalle ne ya yi ƙarya ba. Yaƙin da ya ambata an yi shi, garin da ya ce an ci kuwa an ci shi. Abin da yake yi zaɓe ne, ya ɗauki ranar nasara ya bar ranar gudu. Bambancin kawai, a fada sarki ne ke ba da kyauta a yi masa kirari, a Friedrichsruh kuwa kyautar da aka kawo ita ce kirarin.

Ga misali guda da zai nuna iyakar wannan kirari. Ranar 23 ga Maris 1895 aka kawo shawara a majalisar daular cewa a aika wa Bismak gaisuwar cika shekara 80. Majalisa ta ƙi, da ƙuri'a 163 a kan 146. Waɗanda suka ƙi sun haɗa da jam'iyyar Katolika, ƴan gurguzu, masu sassaucin ra'ayi na hagu da wakilan mutanen Folan, wato dai waɗanda suka ɗanɗana hannunsa. Su ne masu rinjaye a cikin zaɓaɓɓun wakilan ƙasar a wannan rana. To amma ƙin gaisuwa ba ya barin tulun azurfa ko takarda mai ruwan zinari da za a sa a akwatin gilashi. Gari guda da ya aiko da takarda yana da abin nunawa, wakilai 163 ba su da shi. Baƙon da ya dogara da kayan kaɗai zai fita da zaton Jamus baki ɗaya ta so mutumin.

Akwai abokin hamayya guda da kayansa suka shiga tarin. Ranar 7 ga Mayu 1866 wani ɗalibi mai shekara 22, Ferdinand Cohen-Blind, ya harbi Bismak a kan titi a Barlin don ya hana yaƙin da ake shirin yi da Ostiriya. Bismak ya tsira, yaron ya kashe kansa a hannun ƴan sanda, bindigar kuma ta ƙare a Friedrichsruh. Abin lura a nan shi ne siffar da hamayya ta ɗauka a wannan gida. Limaman cocin da aka ɗaure da ma'aikatan da aka kora daga garuruwansu ba su bar kome a nan ba. Mai harbi ne ya bar abu, abin da ya bari kuwa ƙarin ado ne ga labarin gwarzon da harsashi bai ci ba.

Zanen 1885

Abin da ya fi kome suna a tarin shi ne zanen Anton von Werner na ranar 18 ga Janairu 1871, ranar da aka yi shelar Wilhelm a matsayin Kaisa, wato sarkin sarakunan Jamus, a zauren madubai na fadar Versailles, sojojinsa kuma na kewaye da Faris. Da wuya a buɗe littafin tarihin ƙarni na 19 na makaranta, ko na Faransanci ko na Jamusanci, ba a ga wannan zane ba. Wilhelm na tsaye a kan dandamali, hafsoshi sun ɗaga takubba da huluna, a tsakiya kuma ga Bismak cikin farar rigar soja, duk haske ya taru a kansa.

Werner yana cikin zauren a ranar, don haka ake ɗaukar zanen kamar shaidar ido. Sai dai ba sau ɗaya ya zana taron ba. Na farko ya gama shi a 1877 don fadar Barlin, kuma a cikinsa sai an duba kafin a gano Bismak a tsakanin ɗimbin hafsoshi. Na biyu ya yi shi a 1882. Duka biyun sun salwanta a Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ke Friedrichsruh shi ne na uku, gidan sarauta ne ya sa aka yi shi don a ba Bismak ranar 1 ga Afrilu 1885. Ke nan shi ma kyautar ranar haihuwa ne, an kuma yi shi shekara 14 bayan abin da yake nunawa.

An san gyare-gyaren da ke cikinsa. Bismak bai sa farar riga a ranar ba, shuɗiya ya sa. Lambar girman da ke wuyansa a zanen, Pour le Mérite, sai a 1884 aka ba shi ita. Ministan yaƙi Albrecht von Roon yana tsaye a cikin taron, alhali bai halarta ba saboda rashin lafiya, kuma ya rasu tun 1879. An sa shi ne don abokin Bismak ne na kusa. Ba wanda ya ɓoye waɗannan abubuwa a lokacin, masu ba da kyautar sun san abin da suke so. Matsalar ta taso ne daga baya, da sauran zane-zanen suka ɓace, wannan ya rage shi kaɗai, littattafai suka riƙa buga shi da kwanan watan 1871 a ƙarƙashinsa.

Gyaran da ya fi girma ba a riga yake ba. Zanen yana nuna jituwa, ranar kuwa ranar fushi ce, fushin kuma a kan nahawu aka yi shi. Wilhelm yana son a kira shi Kaiser von Deutschland, wato Kaisan ƙasar Jamus. Bismak ya nace sai dai Deutscher Kaiser, Kaisa Bajamushe. Na farko yana jingina sarautar ga ƙasa, yana nufin Bavariya da Sakson da sauran masarautu sun zama mallakar Wilhelm, abin da sarakunansu ba za su yarda da shi ba. Na biyu sifa ce kawai, ta faɗi asalin sarkin ba ta ce ƙasar wani tasa ce ba. Bahaushe ba baƙo ne ga nauyin irin wannan jingina ba: sarkin da ke Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, kuma duk wanda ya san tarihin ƙarni na 19 ya san da'awar da wannan ɗan ƙaramin harafi na mallaka yake ɗauke da ita. Har safiyar ranar ba a daidaita ba. Surukin Wilhelm, mai sarautar Baden, wanda aka ɗora wa yin kirarin shela, sai ya kauce wa rigimar ya ce Kaisa Wilhelm kawai. Bismak ya ba da labari daga baya cewa sarkin ya sauko daga dandamali ya wuce shi bai miƙa masa hannu ba. A wasiƙar da ya rubuta wa matarsa a kwanakin ya kwatanta abin da haihuwa mai wuya, shi kuma ungozoma. Duk wannan ba ya cikin zanen, kuma ba zai yiwu ya shiga ba, tunda ba a ba mutum kyautar hoton ranar da aka ƙi gaishe shi.

Mai gyaran rubutu

Kada a ɗauka masoya ne kaɗai suka gyara tarihin Bismak. Shi kansa gwanin gyaran rubutu ne, kuma shahararren aikinsa a wannan fanni ya cancanci ɗalibin fassara ya san shi. Ranar 13 ga Yuli 1870 jakadan Faransa, Benedetti, ya tare Sarki Wilhelm a garin Ems ya nemi alkawarin cewa har abada ɗan gidansu ba zai sake neman sarautar Sifen ba. Sarkin ya ƙi cikin ladabi, daga baya ya aika dogarinsa ya shaida wa jakadan ba shi da ƙarin magana. Aka bugo wa Bismak waya da cikakken bayani. Bai ƙago sabon labari ba, yankewa ya yi. Ya cire dalilai da kalmomin ladabi, abin da ya rage ya zama kamar sarki ya kori jakada, ya kuma ba ƴan jarida. A Faris fassara ta ƙara gishiri. Kalmar Adjutant a Jamusanci babban hafsa ne na kusa da sarki, amma adjudant a Faransanci ƙaramin jami'i ne, shi ne Hausar nan ta ara ta ce lajidan. Mutanen Faris suka karanta cewa lajidan aka tura ya sallami jakadansu. Ranar 19 ga Yuli Faransa ta yi shelar yaƙi.

Bayan saukarsa daga mulki, a Friedrichsruh ya zauna yana faɗa wa Lothar Bucher labarin rayuwarsa yana rubutawa, littafin da aka fara bugawa a 1898 bayan rasuwarsa, wanda masana tarihi suka daɗe suna nuna inda ya saɓa wa takardun gwamnati. Rubutun da ke kan kabarinsa ma shi ya zaɓa. Yana cewa shi amintaccen bara ne Bajamushe na Kaisa Wilhelm na 1. A zahiri tawali'u ne, amma wanda ya san cewa Wilhelm na 2 ne ke kan gado a 1898, shi ne ya sauke shi, shi ne kuma ya so a binne shi a babban cocin Barlin iyalin suka ƙi, ya san habaici ne aka sassaƙa a dutse.

Sau ɗaya abin ya kuɓuce wa iyalin. Daren da ya rasu, wasu masu ɗaukar hoto biyu daga Hamburg suka ba mai gadi cin hanci, suka shiga ta taga, suka ɗauki gawar a kan gado, an ɗaure haɓa da ƙyalle. Iyalin suka kai ƙara, aka ƙwace hoton, aka ɗaure mutanen, ba a buga shi ba sai a 1952. Akwai kuma muryarsa, wadda wakilin Edison ya naɗa a Friedrichsruh a Oktoban 1889, ta ɓace ba a gane ta ba sai a 2012. A cikinta tsohon yana karanto baitoci da Ingilishi, Jamusanci, Latin da Faransanci, har da farkon taken ƙasar da ya ci da yaƙi. Waɗannan abubuwa biyu sun fi kusantar da mai kallo ga mutumin fiye da akwatin lambobi, dalili kuwa ba don yabo aka yi su ba.

Kwana 34

Tsakanin 26 ga Fabrairu 1885 da 1 ga Afrilu 1885 kwana 34 ne. Ranar farko ita ce ranar da Bismak ya rufe taron Barlin a kan Afirka, ta biyu ita ce ranar da aka miƙa masa zanen Werner. Ga mai karatu a wannan yanki, nan ne ainihin tambayar take, domin sunan Bismak bai shigo ajinsa ta hanyar Versailles ba, ta taron Barlin ya shigo.

An buɗe taron ranar 15 ga Nuwamba 1884 a fadar waziri, ƙasashe 14 suka halarta har da Amurka da daular Usmaniyya, da Faransanci aka yi shi, babu wakilin Afirka ko guda. Wajibi ne a gyara wani kuskure da ya zauna a bakin ɗalibai, cewa a wannan zaure aka shata iyakokin ƙasashen Afirka da abin ja-layi. Takardar ƙarshe ta taron mai sashe 38 ta yi magana ne a kan ƴancin ciniki a yankin Kwango, zirga-zirgar jirage a kogunan Kwango da Kwara, cinikin bayi, da sharuɗɗan da ƙasar Turai za ta cika in ta kama wani wuri a gaɓar teku. Layin da ya fara raba ƙasar Hausa, daga Say zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, Ingila da Faransa ne suka amince da shi ranar 5 ga Agusta 1890, wata biyar bayan saukar Bismak, aka kuma sake gyara shi a 1898, 1904 da 1906. Ke nan ba shi ya raba Maraɗi da Katsina ba. Abin da taronsa ya yi shi ne ya mai da kama ƙasar wasu al'amari na ƙa'ida tsakanin Turawa, wanda sanar da juna ya ishe shi. A batun Kwara kuma, ba a kafa hukumar ƙasa da ƙasa ba kamar yadda aka tsara wa Kwango, aka bar Ingila da Faransa kowa ya kula da ɓangaren da ke hannunsa. A 1886 kamfanin Goldie ya sami takardar izinin mulki daga gwamnatin Ingila.

An ruwaito cewa a 1888 Bismak ya shaida wa matafiyi Eugen Wolf cewa shi taswirarsa ta Afirka a Turai take, ga Rasha, ga Faransa, Jamus a tsakiya. Masu kare shi sukan kawo wannan magana a matsayin hujjar cewa ba ɗan mulkin mallaka ba ne a zuci. Mai yiwuwa haka ne, amma ga wanda aka mallaka maganar ba ta da sanyi, domin ma'anarta ƙasarsa ɗiyan dara ce a wasan da ake bugawa a wani wuri. Kuma kome ke zuciyarsa, a zamaninsa ne Jamus ta kama Togo, Kamaru, Afirka ta Kudu maso Yamma da Afirka ta Gabas a 1884 da 1885.

Wanda ya aika gaɓar yamma shi ne Gustav Nachtigal, mutumin da ya ratsa Kawar da Bilma ya isa Kukawa a Yulin 1870 ɗauke da kyaututtukan Sarki Wilhelm zuwa ga Shehu Umar na Borno, har da kujerar sarauta. Shekara 14 bayan haka ya dawo Afirka da tuta: Togo ranar 5 ga Yuli 1884, Duwala ranar 14 ga wata, kwana biyu bayan wakilan kamfanonin Hamburg biyu sun sa hannu a yarjejeniya da sarakunan Bell da Akwa. Sunan da hukumar Jamus ta ba waɗannan wurare shi ne Schutzgebiet, wato yankin kariya. Ɗalibi ya auna wannan kalma da abin da ya biyo baya. Wani sarkin Duwala, Lock Priso na Bonaberi, ya ƙi sa hannu. Daga 20 zuwa 22 ga Disamba 1884, ana tsakiyar taron Barlin, sojojin ruwan Jamus suka afka wa garinsa suka ƙone shi. Jiragen yaƙin da suka kawo su biyu ne, sunan ɗaya Olga, sunan ɗayan Bismarck. Daga gidan sarkin, jami'in Jamus Max Buchner ya ɗauke sassaƙaƙƙen goshin kwalekwalen sarauta, wanda Duwala ke kira tange, aka kai shi gidan tarihin al'adu na Munich. Jikan sarkin, Kum'a Ndumbe na 3, ya shafe shekaru yana neman a maido shi.

Ashe dai wanda ya ƙi yakan bar abu. Sai dai abinsa bai tafi gidan kyaututtuka ba, ya tafi gidan ganima, aka ajiye shi can a matsayin misalin sassaƙar mutanen Afirka. An raba labari guda gida biyu, a kowane gida kuma rabin da ke can ba ya tuhumar kowa.

Yabon gwani

Adalci ne a faɗi cewa gidauniyar ba maroƙiya ba ce. Aikin da aka ɗora mata shi ne nazarin Bismak da idon tarihi, tana riƙe da takardunsa, kuma tun 2004 take buga sabon tarin rubuce-rubucensa bisa ƙa'idar masana. Yawancin abin da aka faɗa a sama game da zanen Werner masanan Jamus ne suka tono shi. Haka nan tarin kyaututtukan yana da daraja ta gaske in an karanta shi a matsayin tarihin masu bayarwa: yana nuna yadda ƴan kasuwa, ɗalibai da hukumomin garuruwa suka mai da tsohon waziri abin bauta, har aka gina masa hasumiyoyi kimanin 240. Kuskuren shi ne a karanta shi a matsayin tarihin wanda aka ba.

Jamus kanta ba ta gama da wannan gardama ba. A 2020 aka yi ta jayayya a kan mutum-mutuminsa na Hamburg mai tsayin mita 34, wanda aka kafa a 1906. A ƙarshen 2022 ma'aikatar harkokin waje ta cire sunansa daga wani zauren taronta. A 2023 gasar da birnin Hamburg ya shirya don a sami hanyar yi wa mutum-mutumin sabon bayani ta ƙare ba a zaɓi kowa ba. Dutse mai wannan girma yana da wuyar yi wa gyara. Gidan tarihi kuwa yana da sauƙin da dutse ba shi da shi, yana iya ajiye abu kusa da abu: sakamakon ƙuri'ar 1895 kusa da takardun garuruwa, hoton tange kusa da zanen Versailles.

Akwai kuma muryar Hausa da za a iya ajiyewa a wurin. Alaƙar Bismak da wannan harshe ta fi yadda ake zato kusa. A zamanin gwamnatinsa, a 1887, aka buɗe makarantar koyon harsunan gabas a Barlin don horar da tafintoci da jami'ai, daga baya Hausa ta shiga cikin harsunan da ake koyarwa. Ƙamus ɗin Hausa na Adam Mischlich na 1906, da rubuce-rubucen da Alhaji Umaru ya yi masa a Kete-Krachi lokacin tana ƙarƙashin Togon Jamus, duk ƴaƴan wannan mulki ne, kuma ɗalibin Hausa yana cin moriyarsu. Tun kafin wannan, a 1884, matafiyi Eduard Robert Flegel ya koma Jamus daga Binuwai tare da madugai biyu, Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki da Madugu Ɗan Tambari. Suna Jamus a watannin da ake taron Barlin. Mutane ne da suka san hanyoyin fatauci na Adamawa da Binuwai da ƙafarsu, fiye da duk wanda ke zaune a zauren da ake tsara dokar kogin Kwara, ba a kuwa kira su ciki ba. Flegel ya fassara wani abu daga labarinsu zuwa Jamusanci, aka buga shi a 1885 a Hamburg, ƴar gajeriyar tafiya a jirgin ƙasa daga Friedrichsruh.